Warin Tusa Ba Ya Kisa, Amma Na Shadda Yana Yi

Tun 2014 wani labari yake yawo a Facebook da WhatsApp, ya ɓace ya sake dawowa: wai masana a Ingila sun gano cewa shaƙar tusa na maganin ciwon daji. A ɗaya ɓangaren kuma ga masu rantsuwa cewa warinta na sa cuta, har ka ga mutum a motar haya ya toshe hanci da bakin riga yana salati yana hararar na kusa da shi. A ganina duka ɓangarorin biyu sun yi kuskure, kuma gardamar tana kawar mana da hankali daga inda haɗarin yake.

Abin da ya faru a Jami'ar Exeter shi ne, masu bincike sun harhaɗa wani sinadari da suka kira AP39, wanda ke kai ɗan mitsitsin iskar haidirojin salfaid cikin ƙwayoyin halittar jiki, aka ga alamar yana kare su a ɗakin gwaji. Babu wanda aka ba tusa ya shaƙa. Jaridu ne suka ga cewa wannan iska ita ce mai sa tusa wari, sai suka ƙara wa miya gishiri.

To cutarwa fa? Kusan kashi 99 cikin ɗari na tusa iska ce marar wari: naitirojin da muke haɗiya yayin ci da sha, da wasu iskoki da ƙwayoyin bakteriya na hanji ke samarwa idan suna narkar da abinci. Ƙasa da kashi 1 ne mai ɗauke da sinadaran farar wuta, su ne masu warin baragurbi. Hancin ɗan Adam yana jin wannan iska tun tana 'yar kaɗan ƙwarai, nesa da adadin da zai taɓa lafiya, kuma da ta fito take bajewa. Lafiyayyen mutum kan fitar da iska sau 10 zuwa 20 a yini, malami ne ko sarki. Wanda ya cika ciki da ɗanwake ko alale zai fi haka yawa, wanda kuma ya ci ƙwai da nama da kabeji tasa za ta fi ɗoyi. Ƙyama ce, rashin ladabi ne a cikin jama'a, tana kuma warware alwala, amma ba guba ba ce. Mai riƙe ta don kunya shi ke kwana da kumburin ciki. Wanda ya kamata ya ga likita shi ne wanda iskarsa ta zo tare da ciwon ciki mai naci, ko rama, ko jini a bayan gida.

Wannan iska dai ta haidirojin salfaid, mai warin da muke wa dariya, ita ce ke kashe mutane a shadda da sokawe da tsohuwar rijiya. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka sai ta kwanta a ƙasan rami ta taru. Mugun halinta shi ne, idan ta kai wajen kashi 100 cikin miliyan sai ta kashe jin wari, mutum ya ɗauka ta wuce. Idan ta haura 700 zuwa 1,000, numfashi ɗaya ko biyu ya isa ya sumar da ƙato.

Mun sha jin yadda abin ke faruwa. Waya ta faɗa masai, saurayi ya tuɓe riga ya zura tsani ya shiga. Aka ji shiru. Ɗan'uwansa ya bi shi, shi ma shiru. Kafin 'yan kwana-kwana su iso, gida ɗaya ya yi gawa biyu ko uku, sai a ce aljanun ramin ne. Masu yasar rijiya da kwasar shadda kuwa kullum cikin wannan suke, da igiya da bokiti kawai, kan kuɗin da bai kai na buhun masara ba. Dabarar zura fitila a ga ko za ta mutu tana nuna ƙarancin iskar numfashi ne kawai, ba ta gano wannan gubar, kuma a ramin da iskar gas ta taru tana iya tayar da wuta.

Nan ya kamata hukumomin tsaftar muhalli da na kashe gobara su sa baki: a horar da masu wannan sana'a, a samar musu da na'urar auna iska da abin hura iska cikin rami, a kuma riƙa faɗa a rediyo da masallatai cewa idan wani ya faɗi a rami, kada kowa ya bi shi sai da kayan numfashi.