Ku Daina Cewa Yaran Nan Ba Sa Son Aiki

Duk shekara da zarar an shiga dogon hutu, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, sai a ɗauko waƙar da aka saba: wai yaran yanzu cima-zaune ne, ba su iya komai ba sai danna waya da zaman majalisa. Ni kam maganar nan ta ishe ni. Mai faɗin haka ya kama hannun ɗan shekara 16, ya zaga da shi kasuwannin Kano irin su Kwari da Singa da Farm Centre, ya samo masa wurin tsayawa na wata biyu kacal, sannan ya dawo mu yi magana.

A da abin bai kai haka wuya ba. Uba ne zai kai yaro wurin abokinsa a kasuwa, ya ce, "Alhaji, ga ɗanka nan, a riƙe min shi kafin a koma makaranta." Shi ke nan. Yaro ya share shago, ya ɗauko kaya daga sito, ya je aike, da yamma a ba shi na mota. Ranar komawa makaranta a haɗa masa kuɗin yunifom da takalmi.

Yau Alhajin ma ta kansa yake yi. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Dala da ake samu ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta tsallake 1,500 a 2024. Mai shagon da yake wuni ba a taya ba, abincin ranar yaro da kuɗin adaidaita sahunsa kaɗai lissafi ne. Ba rowa ba ce. Tela da mai walda kuwa, idan babu wuta babu aiki, in an kawo kuma wanda ke layin Band A, wato rukunin da aka ware wa wuta mafi yawa a rana, ya san yadda kuɗin ya ninka sau uku a Afrilun 2024. Wanda yake kunna janareta da awo, ina zai kai ƙarin yaro?

Abin da mutane ba sa son dubawa shi ne, ƙananan ayyukan da yara ke yi a hutu yanzu manya ne a kansu. Je ka rumfar POS, mai digiri za ka tarar. Je wurin gini, mai kwaɓa simintin magidanci ne da 'ya'ya biyar. Ma'aikacin da mafi ƙarancin albashinsa ya koma naira 70,000 a 2024, yana tashi daga ofis zai karɓi adaidaita ya yi ta yi har dare. Kamfanonin Sharada da Bompai da ya kamata su kwashe waɗannan manyan, da yawansu sun daɗe a kulle, kamar yadda masaƙun Kakuri a Kaduna suka mutu a Kaduna. To in mai shago zai ɗauki mutum ɗaya, tsakanin yaron da zai gudu makaranta a Satumba da babban da zai zauna shekara a kan kuɗi ɗaya, wa kuke zaton zai zaɓa?

'Yan mata ma ba a maganarsu. Koyon ɗinki ko kitso ko lalle sai an biya kuɗin shiga, wadda iyayenta ba su da shi kuwa sai talla ko aikatau.

Kuma ni ba 'yan kuɗin hutun ne suka fi damuna ba. A irin wannan zama yaro yake koyon yadda ake ba da canji, yadda ake haɗiye faɗan maigida, yadda ake riƙon amanar kuɗin da ba nasa ba. Yanzu wannan makaranta ta zama ta 'ya'yan masu shago da 'yan uwansu. Ɗan malamin firamare da maraya suna bakin layi, inda masu ɗaukar aiki ba tare da tambayar ɗan gidan waye ba su ne dillalin ƙwaya da ɗan siyasa mai neman 'yan rakiya.

Gwamnati kuwa, ko shirin ba matasa aiki na N-Power da aka yi ta yayi tun 2016 daga shekara 18 ya fara. Ɗan SS1 da SS2 ba ya cikin lissafin kowa. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa suna da rajistar kowane layi, kuma suna karɓar kuɗin mambobi. Me zai hana kowane layi ya ɗauki yara biyu ko uku daga makarantun gwamnati na kusa, ƙaramar hukuma ta ɗauki nauyin kuɗin motarsu na sati takwas ɗin nan?