Otal ba shi ke kawo baƙo ba

Kun ji dai abin da bawan Allahn nan ya faɗa a rediyo jiya a nan Katsina: wai a gina manyan otal kawai, baƙi za su cika mu kamar tsibiran Maldives da ke tekun Indiya. Haba Yallabai! Wa ya taɓa biyan kuɗin jirgi don ya je kallon gado da fanka?

Abin da ke kai mutum tsibiri ruwa ne mai tsabta, da rairayi, da murjanin ƙarƙashin teku, wato halittun nan masu rai da ke taruwa kamar duwatsu masu launi. Kuma ana auna wannan, ba da baki ake faɗa ba. A filin jirgi ake tare baƙo yana shirin tafiya, a tambaye shi me ya kawo shi, kwana nawa ya yi, nawa ya kashe, ya yi nitso ko bai yi ba. Sai a gwada kuɗin ɗakin da ke kallon teku da na wanda ke bayan gari. Bambancin nan kuɗin teku ne. Masu nitso kuma su shimfiɗa igiyar awo ta mita 100 a kan murjani, su ƙirga mai rai da matacce, shekara bayan shekara. Inda ake ɓata lissafi shi ne a ƙirga kuɗin baƙo ɗaya sau biyu, a otal da wajen mai kwale-kwale, ko a yi awon a lokacin cunkoso kaɗai.

Da irin wannan awon aka gano a 2017 cewa murjani na jawo kusan dala biliyan 36 a shekara a duniya ta hanyar yawon buɗe ido. A Palau, ƙasar tsibirai da ke tekun Pasifik, an ƙiyasta kifin shak guda mai rai na kawo kusan dala miliyan 1.9 a tsawon rayuwarsa daga masu nitso da ke zuwa kallonsa, amma in an kashe shi, dala 108 ne kuɗinsa.

Za ku ce ai mu ba mu da teku. Na sani, kada ma ku fara. Darasin ɗaya ne. A 2018 Filifin ta rufe tsibirin Boracay wata 6 saboda ƙazantar ruwa, otal na nan tsaye, babu ko baƙo ɗaya.

Wallahi abin na damuna. Kafin a zuba siminti, a je madatsar Zobe da ta Jibiya a ƙirga masu zuwa, a tambaye su dalili. Haka rijiyar Kusugu a Daura. Ku kuma masu zuwa shan iska bakin ruwa ranar Sallah, don Allah ku daina barin ledar ruwa a wajen, awaki ke cinye ta.