Sarkin Ruwan Gareji

Maƙwabcina a unguwarmu da ke bayan garin Dallas, a jihar Texas, dattijo ne Ba'amurke. Ya yi ritaya, kuma tun da ya ajiye aiki ba shi da zance sai na kifin bas, wani kifin tafki mai faɗin baki da ake kamawa da fatsa. Motarsa a waje take kwana, rana ta dake ta, ruwa ya dake ta, don jirgin ruwansa ya cinye garejin. In ka gaishe shi da safe, kafin ka kai ga tambayar iyali ya zaro waya ya nuna maka hoton kifi. Rannan ya nuna min wani da ya kama, ya riƙe shi ta leɓen ƙasa yana washe baki. Kishin gida ya motsa min, na ce masa ai mu a jihar Kebbi irin wannan yara ake bar wa. Na buɗe masa bidiyon bikin Argungu a YouTube: mutane dubbai sun faɗa kogin Matan Fada da homa da gora, ga wani ya rungumo giwan ruwa da sai an taru ake ɗaga ta. Na ƙara masa da cewa tun 1934 ake wannan biki. Duk gaskiya na faɗa. Bai dai tambaye ni inda nake tsayawa ranar bikin ba, ni ma ban ga dalilin tsokano zancen ba. A rumfar 'yan kallo nake tsayawa, da rake a hannuna.

Kafin sati ya zagayo, duk abokansa sun ji labarin akwai wani masunci ɗan Afirka a layinmu mai kama kifi da hannu. Dattijo ya ce lallai sai mun je Tafkin Fork tare, amma tukuna sai na mallaki kayan aiki.

Ya kai ni wani katafaren kanti da ba a sayar da komai a cikinsa sai kayan su da na farauta. A can na gane cewa masu ji da kansu a harkar bas ba sa haƙo tana a bayan gida. Tana ta roba suke saye, kala-kala, wata da ƙyalƙyali, wata har warin tafarnuwa aka sa mata. Dattijo ya ce wani mutum mai suna Nick Creme ne ya fara narka ta a kicin ɗinsa a jihar Ohio a 1949, daga baya kamfanin ya dawo garin Tyler a nan Texas. Ga kuma 'yan kifayen katako da na roba masu ƙugiya uku-uku a ciki, har da irin waɗanda wani masunci a ƙasar Finlan, Lauri Rapala, ya sassaƙa nasa na farko a 1936, ya naɗe shi da takardar cakulan mai sheƙi. Na saurara, na gyaɗa kai irin na wanda ya san duk wannan tuntuni. Da muka isa wurin sandunan fatsa na juya takardar farashin wata siririya, na ga ta haura dala 300. Na mayar da ita a hankali da hannu biyu.

“Abokina, kada ka damu,” in ji Dattijo. “Masunci na gaske da kansa yake haɗa sandarsa. Ya fi arha.”

Wannan “ya fi arha” ita ta raba ni da kuɗin da na ware don canza tayoyin mota. Ana sayen sandar tsirara, ta wani abu mara nauyi da ake kira girafayit, ba komai a jikinta. Sai zobba da zaren fatsa zai bi ta cikinsu, manya daga gindi, ƙanana zuwa tsini. Sai mariƙi na ɓawon wata bishiya da aka fi kawowa daga Fotugal. Sai kujerar da injin naɗe zare yake zama a kanta. Sai zaren ɗauri, sai gam iri biyu, sai burushi, sai sirinji, sai wani ɗan inji mai juya sanda. Shi kansa injin naɗe zaren daban ake sayensa. Da kwalayen suka fara sauka a ƙofar gida, uwargida ta tsaya ta ƙirga su da ido.

“Malam, shago za mu buɗe?”

Na ce mata ta kwantar da hankalinta, daga yanzu an daina sayen kifi a gidan nan.

A lokacin surukata tana gidanmu. Ta zo daga Birnin Kebbi don wankan jego, kuma tun da ta sauka ta ɗaura yaƙi da almubazzarancin Amurka. Duk ɗakin da aka fita aka bar fitila, sai ta bi ta kashe tana salati. Ku riƙe wannan.

Aikin farko shi ne neman ƙashin bayan sanda. Ana kafa gindinta a ƙasa, a ɗora tsininta a tafin hannu, a danna tsakiya ta lanƙwasa, sannan a mirgina ta a hankali. Akwai inda za ta yi tsalle ta zauna da kanta, nan ake sa alama, kuma da wannan alamar ake jera zobba. Ina tsugune a gareji ina mirgina sanda ina kasa kunne, Hajiya ta leƙo, ta daɗe tana kallona, ta koma ciki. Na jiyo tana tambayar 'yarta ko lafiyata ƙalau a wurin aiki.

Ɗaurin zobba kuwa aikin haƙuri ne. Ana yanka kwali a yi masa baki biyu a kwantar da sandar, a ratsa zaren ta tsakiyar wani littafi mai kauri don ya yi tsauri, sai a riƙa juya sandar da yatsu, zare yana kwanciya kusa da ɗan'uwansa, ba hawa ba giɓi, har ya rufe ƙafar zoben. Ba a ƙulli. Wani ɗan madauki ake binnewa a ƙarƙashin naɗin, a zura bakin zaren a ciki, a fizgo shi ya ɓuya. A bidiyo mutumin yana yi yana hira. Ni kuwa in na kama zare zobe ya zame, in na kama zobe littafi ya faɗo, in na kai ƙarshe na fizgi madauki sai naɗin gaba ɗaya ya warware ya bar ni da zobe a cinya. Uwargida, wadda ta yi shekaru tana ɗinki kafin mu zo ƙasar nan, ta zo kawo min shayi, ta tsaya, ta ce in matsa. Da jariri a bayanta ta ɗaure zoben farko kafin shayin ya huce. Ta ɗaure na biyu. Ta ɗaure sauran duka, tsaf, har da ɗan adon zare ruwan zinare a baki.

“Ranka ya daɗe Sarkin Ruwa, saura me?”

Na ce saura aikin maza, wato gam.

Gam ɗin da ake shafawa a kan ɗaurin kwalba biyu ne, kuma dokarsa ɗaya: a auna su daidai wa daida da sirinji, a gauraya a hankali don kada iska ta shiga. Ni na duba kwalbar da aka rubuta ita ce mai sa shi ya daskare, na yi lissafin cewa in aka ƙara ta zai fi saurin bushewa. Na ƙara. Na dama shi da ƙarfi har ya yi kumfa. Na shafa, na ɗora sandar a kan ɗan injin nan, ya fara juya ta sannu sannu. Amfanin juyin shi ne gam ɗin yana da ruwa-ruwa na tsawon sa'o'i, in sandar ta tsaya wuri ɗaya sai ya gangaro ƙasa. Saboda wari na ɗaga ƙofar gareji kaɗan, na bar fitila a kunne don in leƙo, na je na kwanta. Ga shi lokacin zafi ne, ƙwarin Texas kuma ba sa wuce fitila.

Da asuba na tarar da gareji duhu, inji shiru, filogi a ƙasa. A ƙarƙashin kowane zobe gam ya taru ya yi tulu yana reto, a jikinsa kuma sauro ne, ƙananan fara ne, har da wani malam-buɗe-littafi da ya miƙe fukafukai ya cika a wurin. Ina tsaye Hajiya ta fito da carbi.

“Malam, an tashi lafiya? Na fito nafila cikin dare na ji wani abu yana ta gurnani shi kaɗai, ba kowa a wurin. Na ce wannan asarar wuta da me ta yi kama, na zare muku shi.”

Wa zai ɗaga ido ya dubi surukarsa a kan gam? Na durƙusa na ce, “Allah ya saka da alheri, Hajiya. Kun kyauta.”

Gam ɗin bai bushe ba ranar, bai bushe ba washegari, kuma maganar da nake muku har yau in ka taɓa shi sai ya riƙe ka. Dattijo ya duba, ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya ce haɗin da bai daidaita ba ba ya bushewa har abada, sai dai a kankare a sake. Na ce masa mu a Kebbi haka muke son ta, tana hana santsi.

Tafkin Fork yana gabas da Dallas, tafiyar kusan awa ɗaya da rabi. Na yanki lasisin su, don a Texas babba ba ya jefa ƙugiya a irin wannan ruwa sai da shi. Na yi sallar asuba a gefen mota, muka tura jirgi. An kammala dam ɗin a 1980, kuma da za a tare ruwan ba a sare yawancin itatuwan wurin ba, suna nan tsaye cikin ruwa, kututture da rassa. Bas yana son su, a nan yake laɓewa ya yi kwanton ɓauna. Ƙugiya ma tana son su. Kifin katakon da na saya mafi tsada, jifan farko ya tafi ya rungumi wani reshe, yana can har yanzu.

Injin naɗe zaren da Dattijo ya zaɓar min irin na ƙwararru ne, mai zama a saman sanda. In ka yi jifa kwarkwaronsa yana juyawa da gudu, dole babban yatsanka ya riƙa shafarsa, ka danne shi daidai lokacin da abin ya taɓa ruwa. In ka makara, kwarkwaro ya ci gaba da aman zare alhali ba mai ja. Na makara. Zare ya tashi ya cukurkuɗe kamar taliyar da ta kwana a tukunya. Na zauna ina tsefewa, na ajiye sandar a kan kafet ɗin jirgi, da na ɗauko ta ta taho da gashin kafet. Na jingina ta a kafaɗa, ta kama rigata. Dattijo yana ta jifa yana ba ni tarihi: wai a tafkin nan aka kama bas mafi girma a tarihin Texas, laba 18.18, wato kilo 8 da ɗan ɗoriya, a 1992. Mutumin, Barry St. Clair, ba ma bas ya fito nema ba, wani ƙaramin kifi yake nema da ɗan kifi mai rai a ƙugiya. Na duniya kuwa George Perry ne a jihar Jojiya a 1932, kilo 10 da kaɗan, kuma iyalinsa cinye shi suka yi. Na ce wannan George ɗin mutumin kirki ne.

Da rana ta ɗaga ya tausaya min, ya ɗaura min tanar roba irin ɗaurin da ake yi a Texas: ɗan dalma mai tsini a gaba, bakin ƙugiya kuma a binne cikin jikin tanar don kada ta kama itace. Ya ce in jefa kusa da wancan kututturen, in bari ta nutse, in riƙa ɗagawa kaɗan-kaɗan. Ina yi ina tunanin tayoyin mota sai na ji tak, tak, zare ya fara tafiya gefe da kansa. Na fizga. Sanda ta lanƙwashe, ruwa ya tsage, wani kore mai baƙin zane a gefe ya yi sama yana girgiza kai, bakinsa a wangame. Kabbarar da na yi sai da mutanen wani jirgi suka waiwayo. Zobban uwargida ko gezau. Dattijo ya sa hannu ya kamo shi ta leɓe ya miƙo min, haƙoransa masu kaushi suka goge min yatsa. Nan take na kira gida.

“A ɗora ruwa! A jajjaga attaruhu da citta, farfesu za a sha yau. A gaya wa Hajiya.”

Ina kashe waya na ga Dattijo ya kwantar da kifin a kan wani allo mai lambobi. Ya ce inci 19, ya yi min murna, ya ɗauke ni hoto. Sai ya sunkuya ya sa shi a ruwa, ya buɗe hannu.

Ban san lokacin da na yi masa Hausa ba. “Kai! Kai! Dattijo, lafiyarka?”

Ya ce doka ce. A tafkin nan duk bas ɗin da tsawonsa ya faɗa tsakanin inci 16 da 24 dole a mayar da shi, don su ne ake so su girma su zama ƙatti. Ya ƙara da cewa ko ba doka, shi bai tuna rabon da ya ci bas ba, kamawar ce daɗin. Jirgi, inji, mai, lasisi, tashin asuba, duk don a gaisa da kifi a sallame shi. Na zauna ina kallon inda ya nutse, sanda manne da hannun rigata.

A hanyar dawowa na roƙe shi ya tsaya a wani kantin 'yan Asiya, na sayi karfasa manya guda biyu, na ɓare takardar farashi a mota, na zuba su a bokiti. Uwargida ta karɓa ta duba, ta dube ni, ba ta ce komai ba. Hajiya ce ta sa yatsa ta danna ɗaya.

“Ikon Allah. Malam, kifin ƙasar nan da ƙanƙararsa ake kamo shi? Ga shi har an fasa cikinsa an wanke.”

Na ce ruwan tafkin ne akwai sanyi daga ƙasa. Ta ce Allah mai iko, ta sha farfesu har da ƙari, da dare kuma na jiyo ta a waya tana ba mutanen Birnin Kebbi labari, dariya har tana tari.

Sandar yanzu tana hannunta. Ta gano cewa tsawonta ya kai silin, kuma duk yanar gizon da ta taɓa sai ta taho da ita, har da mai gidan. Jiya ta aiko uwargida ta gaya min, in ba takura, in haɗa mata guda biyu kafin ta koma, ɗaya tata ɗaya ta kishiyarta, kuma gam ɗin a sa shi kamar na wancan karon.