A Kai Zakin Tiga, A Bar Mana Inuwar

Tun da gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ba da umarni a 2020 cewa a tashi Gidan Zoo na Kano a mayar da shi Tiga nake jin wata magana da ta fi umarnin kansa ɓata mini rai. Da zarar mutum ya ce a bar wurin nan, sai a yi masa murmushin tausayi, a ce shauƙin ƙuruciya ne ke ɗibarsa, gari kuwa ba ya ci gaba da shauƙi. Ka lura da masu faɗin haka, galibinsu a tsakar gidansu akwai mangwaro da gwaiba, da ciyawar da yaro ke ba ruwa safe da yamma.

To, na amsa laifina, shauƙi ne. Ina firamare mahaifina ya goya ni a Vespa ranar yawon sallah ya kai ni wurin. Zakin bai burge ni ba, barci yake yi, ya ma juya mana baya. Abin da ya zauna mini a rai shi ne sanyin da ya buge ni muna wuce ƙofa, da yadda ƙarar titi ta ɗauke kamar an rufe tukunya. Muka zauna a gindin wata bishiya muna shan rake, 'yan mata da jan lalle suna layin lilo, mai hoto yana bin mutane da kyamara a wuya. Yaron da ya tashi a lungu, inda bango ke kallon bango, ranar ya fara sanin akwai wurin da za ka ɗaga kai ka ga ganye ya rufe sama. Yau ni ke kai nawa 'ya'yan, kuma a nan suke fara yin shiru su ma.

Dalilin da aka bayar shi ne gari ya cimma wurin, hayaniya tana takura dabbobi. Ikon Allah! Sa'ad da Audu Bako ya killace wannan fili a farkon shekarun 1970, bayan gari ne. Wa ya yanka fulotan da suka kewaye shi, wa ya sa hannu a takardun gina su? Gidan dabbobi na Landan yana cikin lambun Regent's Park tun 1828, na Giza a Masar yana nan tun 1891 cikin cunkoson da ya ninka namu, maƙwabtanmu na Yamai kuma kurayensu da zakunansu suna harabar gidan tarihi na Boubou Hama a tsakiyar birni. Waɗannan garuruwa duk sun cika sun batse, ba su ga dalilin kwashe nasu ba.

Wasu kuma suna kafa hujja da zakin da ya kuɓuce a 2019. An same shi ne a cikin gidan, a kejin awaki, ya yi musu ta'asa. A shekarar ce dai aka ce goggon biri ya haɗiye naira miliyan 6.8 na kuɗin shiga, har Gwamna Ganduje da bakinsa ya ce babu goggon biri a gidan. Wannan matsalar kulawa ce da riƙon amana, kuma mota ɗaya za ta hau da dabbobin zuwa Tiga.

Amma a ce na sallama. A kwashe zaki da kura da jimina, a kai su bakin dam su sha iska. Abin da ke hana Kanawa barci shi ne filin da za a bari, domin mun san hali. Mun ga yadda shaguna suka manne wa badala, suka manne wa katangun makarantu, har filin Idi bai tsira ba. Mun ga kududdufan da ke shanye ruwan damina an cike su da shara an ɗora gini, ruwan ya koma neman hanya ta ɗakunan mutane. Dubi sunayen unguwanninmu ma: Kurna, Ɗorayi, Giginyu, Durumin Iya, Tsamiyar Boka. Duka bishiyoyi ne. Mai ƙaryata ni ya je Giginyu ya ƙirgo mana giginya nawa ta rage.

Shi ya sa ba na tare da masu cewa a raba gardama, a gina gefen titi a bar cikin. Haka ake farawa kullum. Yau teburin mai shayi ne na wucin gadi, gobe kwantena, jibi an zagaye da kwano ana aikin dare, kafin ka ankara bene hawa uku ya tsaya da allon haya a goshinsa. Shago ɗaya idan ya samu izini ya zama hujjar na biyu. Filin da ake so ya rayu sai an yi masa rowa, ko taku ɗaya kada a bayar, ko da wanda ya zo nema ya zo da zanen masallaci a hannu. Bene ana tayar da shi cikin wata shida. Maɗacin da ya shekara kusan 50 ba kwangilar da za ta dawo da shi, a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40.

Wannan shauƙin da ake yi wa dariya kuwa, shi ne kaɗai katangar da na ga ta taɓa tare mai mulki. A 1989 gwamnatin shugaban Kenya Daniel arap Moi ta shirya dasa bene mai hawa 60 a lambun Uhuru da ke tsakiyar Nairobi. Wangari Maathai, wata mai fafutukar kare muhalli, ta ce ba za ta saɓu ba. Aka zage ta a majalisa, aka kira ta mahaukaciya, aka ce mace ta gari ba ta ja da maza. Masu zuba kuɗi daga waje suka janye, aikin ya mutu, ita kuma ta karɓi kyautar Nobel a 2004. Mutanen da suka mara mata baya ba masana tsara birane kaɗai ba ne, har da talakawan da ke kwanciya a ciyawar wurin da rana saboda ba su da wani wurin. Namu ma haka suke. Magidanci mai 'ya'ya shida a Sheka ko Gandun Albasa da ƙafa yake kai su Gidan Zoo. Tiga kuwa tafiyar kimanin kilomita 70 ce, sai a lissafa masa kuɗin motar mutum bakwai zuwa da dawowa.

Abin yi ba shi da wuya in ana so. A New York, hukumar birni ba ta isa ta cire ko ɓangaren lambun jama'a ta ba wani ba sai majalisar dokokin jiha ta amince. 'Yan majalisarmu su yi mana irin wannan doka, su ƙara mata tsanani, a auna filin, a ƙirga bishiyoyin, a kafe adadin a bakin ƙofa inda kowa zai gani. Kafin a ɗora kura ta farko a mota, muna so mu ga takardar filin nan, da sunan da ke kanta.