A duba ƙasar da ke ƙarƙashin ginin ma

Na karanta wani rahoto da ya ɗora alhakin rushewar gidaje lokacin girgizar ƙasa kan rashin ingancin siminti da rodi kaɗai, kuma a ganina an manta da wani abu mai muhimmanci, wato irin ƙasar da aka kafa harsashin ginin a kanta.

Abin da ya faru a birnin Meksiko ranar 19 ga Satumba, 1985 ya isa misali. Girgizar ta taso ne daga gaɓar tekun Fasifik, fiye da kilomita 300 daga birnin, amma ɓarnar da ta fi muni a tsakiyar birnin ta auku, domin an gina wannan yanki ne a kan laka mai taushi ta tsohon tafkin Texcoco. Na'urorin auna motsin ƙasa da aka girke tun kafin ranar sun nuna cewa ƙarfin girgizar a kan lakar ya ninka wanda aka auna a kan dutse a harabar jami'ar ƙasar sau huɗu ko fiye. Lakar tana kaiwa da komowa duk bayan kamar daƙiƙa 2, su kuma benaye masu hawa 6 zuwa 15 da kusan wannan saurin suke rangaji, sai motsin biyu suka dace, kamar yadda lilo ke ƙara tashi idan aka tura shi a daidai lokacinsa. Ƙananan gidaje da dama da ke maƙwabtaka da su sun tsira.

Tun da aka ji motsin ƙasa a Mpape da ke Abuja a Satumban 2018 nake fatan hukumomi su sanya irin waɗannan na'urori a cikin manyan benaye da kuma ƙarƙashinsu, a kuma wajabta gwajin ƙasa kafin a amince da zanen kowane bene.