Kawu, kai da ka haddace waƙoƙin Indiya?

Abin da ya faru jiya a zauren WhatsApp na dangi ba zan bar shi ya wuce ba, kuma waɗanda ke ciki sun san da wa nake. Yarinya 'yar shekara 16 ta turo tallar kashi na biyu na Wicked, fim ɗin Turawa mai waƙe-waƙe da aka ɗauko daga wasan daɓe, ta rubuta ranar fitowarsa, "21 ga Nuwamba, Allah ya kai mu," tana ta zumuɗi. Sai babban mutum mai furfura a gemu ya aiko da murya ta minti biyu yana ƙyaƙyata dariya, wai wane irin fim ne mutum yana cikin magana sai ya yanke ya kama rera waƙa kamar mai iskoki. Sauran 'yan amshin Shata suka bi shi da hotunan dariya. Yarinya ta goge saƙonta. Har yanzu ba ta sake cewa uffan ba.

Kawu, Allah ya ƙara girma, amma kai?

Kai da a gidanka na Shara Mansur, a Makka, muka fara ganin bidiyo? Kai da kake aiken mu cikin zafin Makka mu karɓo hayar kaset ɗin Indiya, in an zo kan waƙa ka sa a mayar da ita baya har sau uku? Jarumi ya sha dukan kawo wuƙa, jini na zuba, kafin ƙiftawar ido ya canza riga yana kan dutse mai ƙanƙara yana rera wa budurwa, ba ka taɓa cewa iskoki ba ne. Har gobe in kana wanke mota da su kake ƙunƙuni, alhali ko kalma ɗaya ba ka san ma'anarta ba.

Bahaushe ba shi da bakin yi wa kowa dariya a kan fim mai waƙa. Tun shekarun 1950 Kwarori ke kawo finafinan Indiya silimun Kano, iyayenmu suka sha suka ƙoshi. Kannywood ta taso ta gaji abin, har ya zama in fim ba waƙa sai mai saye ya ji kamar an ba shi tuwo ba miya. Ku bar ma fim, ku tuna tatsuniya. Wace ce kaka ta yi mana da babu waƙa a tsakiyarta? Marainiya ta je rafi, ta ajiye ƙwarya, ta rera kukanta, dodo ya amsa mata daga cikin ruwa, mu yara mu karɓi amshi muna maƙale da juna. Ko sau ɗaya ba wanda ya tsayar da kaka ya ce me ya sa dodo yake waƙa. Abin da Turawan nan ke yi a daɓe ke nan, sai dai su suna da fitilu da makaɗa. Mu da aka yaye mu da wannan, mu ne za mu yi dariya?

Wata ta biyo ni ta bayan fage wai ai na Turawa ne. To su Indiyawan 'yan Fagge ne? Wani ya ce labarin mayya ne. Je ka ƙirga mayun da ke cikin tatsuniyoyinmu ka dawo. Mai cewa ɓarnar kuɗi kuma, shi ne ba ya fashin zuwa filin ƙwallo na Jauhara a Jidda in ƙungiyar Ittihad za ta buga, don haka ya bar zancen. Suka ɗaya na yarda da ita: wasan gaba ɗayansa a daɓe bai cika awa uku ba har da hutun tsakiya, amma fim ɗin 2024 ya ci awa biyu da minti 40 a kan rabin farko kaɗai, aka ce mu jira shekara guda mu sake biya. Wannan wayon 'yan kasuwa ne. Sai dai ba shi Kawu ya yi wa dariya ba, waƙa ya yi wa.

Bari in ajiye gatse. Mu mun girma a ƙasar nan, Saudiyya, babu silima. An rufe su a farkon shekarun 1980, ba a sake buɗewa ba sai Afrilun 2018 a Riyad, mu na Jidda kuma sai farkon 2019. Shi wasan nan tun 2003 ake yin sa a Broadway, unguwar gidajen wasan daɓe ta Niyok. Yaushe yarinyarmu za ta je can? Fim ɗin ne kaɗai ƙofarta. Kuma kafin ku yi dariya, akwai wanda ya tambaye ta me ta gani a ciki? Labarin yarinya ne da aka haifa da koriyar fata, ana nuna ta da baki a makaranta tun kafin ta ce komai. Tamu yarinyar a Jidda aka haife ta, uwarta ma a nan, Larabcinta ya fi Hausarta, amma ta san yadda "Takruniya", sunan da ake kiran mace 'yar asalin Afirka ta Yamma da shi a nan, ke fita daga bakin wasu. Ranar da ta gano cewa mai fitowa a matsayin koriyar, Cynthia Erivo, haifaffiyar Landan ce da iyayenta suka fito daga Nijeriya, da gudu ta shigo kicin ta faɗa min, ina tsaka da tuƙa tuwo. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Tun bazara take tara riyal-riyal na tikitinta da na ƙanwarta. Ita ce kuka sa ta goge saƙo, ku da kuka yi kuka da hawaye a kan waƙar da ba ku ji yarenta ba.

Ni zan kai su, har da gugguru, duk da tsadarsa a wurin nan tana sa ni istigfari.

Af, zancen kaset ya tuna min. Kwalin Kawu na nan a ɗakin ajiyar gidan Makka, kuma na tabbata bidiyon bikin yayarmu yana ciki, wanda aka ɗauko marigayiya Inna tana guɗa. Don Allah wanda ya san inda ake juye kaset zuwa filashi, a unguwar Balad ko Hindawiyya, ya faɗa min kafin zafi ya gama cinye shi.