Taiwo da Kehinde: wane ne babba a wurin Yarbawa?

Taiwo da Kehinde sunayen tagwaye ne a wurin Yarbawa. Ana yawan cewa Taiwo shi ne babba, Kehinde kuma ƙarami, kamar dai Hassan da Hussaini. Akwai dalilin wannan zato, domin tabbas wanda ya fara fitowa shi ake kira Taiwo, na biyun kuma Kehinde.

Sai dai a al'adar Yarbawa lissafin a juye yake. Taiwo gajeren suna ne na wata jimla mai nufin "wanda ya fara ɗanɗana duniya", Kehinde kuwa "wanda ya zo daga baya". A imaninsu Kehinde ne ya aiki ƙaninsa ya leƙo duniya, sai da ya ji kukan jaririn ya tabbatar lafiya, sannan ya biyo. Babba ke aiken ƙarami, saboda haka girma na Kehinde ne.

Sunayen ba su bambanta mace da namiji. Misali, in mace ta riga ɗan'uwanta fitowa, ita ce Taiwo, shi Kehinde. Wanda aka haifa bayan tagwayen Idowu ne, kwatankwacin Gambo a wurinmu, mai bi masa kuma Alaba.